Shagon da ba ya rufewa

Modi, jawo benci, rage ƙarar fankar nan.
Tun da ka ce sana'ar kake so,
bari ka ji yadda muka yi da Alhaji Barmo
a bazarar bara,
lokacin da kwalta ke kama takalmi a Gawon Nama.

Dattijon Majema ne, fata yake sayarwa,
ta jar akuya, mai laushin kunnen jariri.
Ya zo da hoto ɗari da arba'in a waya,
ya ce duka a sa, a ƙara da kiɗa,
sunansa ya riƙa walƙiya kamar fitilar biki.
Na ce, Alhaji, jaki gare mu,
kai kuwa kayan raƙumi ka kawo.

Mai sayenka yana Illela,
sandar sabis guda, datar ɗari biyu,
gilashin wayarsa a tsage tun azumi.
In ya danna, ya ƙirga biyar bai ga komai ba,
ya tafi ke nan, ko sallama babu.

Goma sha biyu na zaɓa.
Na matse kowanne har ya yi sauƙin ɗauka
ba tare da jan ya koɗe ba.
Farashi a ƙasa, lamba a sama,
lambar da ake ɗagawa,
ba ta ɗansa mai barcin hantsi ba.

Kada ka yarda da kwamfutarka, Modi,
makaɗiya ce, abin da kake so take faɗa.
Ni wayar Ɗanjummai mai shayi nake ara:
shafin da ya buɗe a cikinta
zai buɗe ko a tsakiyar daji.

Kalmar sirri kuwa, Alhaji ya ce a sa sunan autarsa.
Na ce, wadda duk unguwa ta ci tuwon sunanta?
Wa ke kulle rumbu
ya rataye makulli a jikin ƙyaure?

To, ga nawa laifin, kar ka ce na ɓoye.
Sunan shafi haya ne, shekara-shekara.
Saƙon tuni ya zo har sau uku
a akwatin da na daina leƙawa.
Daren wata Juma'a, wani daga Agadas
ya nemo shago da kuɗi a hannu,
ya tarar da fili, ko tubali babu.
Da asuba Alhaji ya kira ni.
Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi,
Kulu, ashe shagon naki ma yana rufewa?
Da duka ya yi min, da ya fi sauƙi.

Kwana biyu ina fama, janareta na shan mai,
zufa na ɗiga a kan madannai.
Abin da ya cece ni kwafi ne,
ɗaya a filas cikin gwangwanin allurar Inna,
ɗaya a ma'ajiyar nesa da gobara ba ta kaiwa.
Tun daga ranar, sunan mai shago nake sa wa rajista,
ranar biya kuma ga ta can a bango,
da gawayi, kusa da kalanda.

Masu cewa an gama gini, ban san me suke nufi ba.
Ka taɓa ganin mai albasa a Kwalkwalawa
ya dasa ya tafi gida ya jira kaka?
Kowace Asabar nakan zaga:
in taɓa mahaɗi in ga ko ya mutu,
in duba kwaɗon nan na gefen adireshi,
in cire takalmin da aka sayar tun Sallah
yana zaune yana yi wa mutane ƙarya.

Ga wuta an kawo. Tashi ka sa caji.
Hajiya Hajo mai lalle na tafe da la'asar,
kuma na ji an ce hotunanta sun fi ɗari biyu.
Kai za ka faɗa mata.