Ranar Da Muka Tsamo Kawa

Da sassafe takarda ta iso, da hatiminta.
Loretta ta karanta a tsaye bakin jirgi,
sau biyu, ta ninke ta huɗu,
ta cusa cikin takalmin roba.
"Kwana talatin," ta ce. "A kwashe su duka."

Ni Casimir, tuƙi ne nawa.
Shekara shida ina kai ta mashigar Raritan
da buhunan ɓawo daga bayan gidajen abinci,
wanda masu kuɗi suka tsotse suka yar.
Ta shanya shi ya sha rana,
ta dasa masa 'ya'yan kawa, ƙanana kamar tsabar gero.

Kakana ya ce a zamaninsa
sai ka taka kawa kafin ka taka ruwa.
Ni laka na tarar, da warin masana'anta,
da allon da ke cewa kada a ci abin da aka kama.

Kawa ba ta magana, sha ne aikinta.
Ta kurɓi dauɗa, ta furzar garau,
dare da rana, ba albashi.
A shekara ta huɗu na leƙa, na ga ƙasan ruwa,
ga kaguwa tana tafiyarta a karkace.
Na kira matata a waya,
ta zaci na sha wani abu.

Hukuma ta ce ɓarayi take tsoro,
kada wani ya sata da dare ya kai kasuwa,
wani ya ci ya kwanta, sunan jiha ya ɓaci.
Ban ce ƙarya ne ba.
Mun ce a sa masu gadi, aka ce ba kuɗi.
Saboda ɓera aka cinna wa rumbu wuta.

Keji arba'in da ɗaya muka ja.
Bayana ya shaida sun yi nauyi.
Sun manne da juna, uwa da 'ya da jika,
ƙananan kifaye na zubowa daga tsakaninsu
suna tsalle a kan katako.
Loretta na auna kowace, tana rubutawa,
alhali ba mai tambayar lissafin.

Ƙarfe huɗu motar shara ta zo.
Yaron ya toshe hanci ya ce, "Me ya mutu?"
Ba wanda ya tanka.

Ɓawo ɗaya na ɓoye a aljihu.
Duk sanda na laluba makulli
sai ya yanke ni a yatsa.
Har yau ban cire shi ba.