Ganye Biyu

A Jega, a gidanmu mai ƙofar langa-langa,
na shuka na'ana'a cikin tsohon bokiti,
akuyar maƙwabta ta yi walima.
Na dasa fure a gwangwanin madara,
zafin bazara ya shanye shi tun bai san muryata ba.
Na ce to, ƙasa ta ƙi ni,
bari in tambayi keken ɗinki.

Ƙyallayen da masu ɗinkin Sallah suka bari,
kore shar, da kore mai duhu, da wanda wanki ya cinye,
na yanka su da fasalin ganyen gwaza,
na cusa auduga kaɗan, na zura waya a tsakiya
don ya ranƙwafa kamar mai sauraron iska.
Jijiyar ganye da farin zare nake bin ta,
sannu, kada allura ta gane ƙarya muke yi.
Tulun nan da ya tsage, aka ce a jefar,
yanzu yashi ne a cikinsa, daji a kansa.

Amma ganyen atamfa ba ya shiga miya.
Ran Asabar da hantsi sai in lulluɓe keke,
in shimfiɗa tabarma, in jera kwanoni.
Tun ranar da likita ya ɗaure hannun Sahabi,
ya dubi allura, ya dube ni, ya ce gishiri ya isa haka,
na sallami dunƙule, na yi wa daddawa bikon dole.
Manja cokali biyu. Ludayi ya yi ritaya.

Wake in tsince, in surfa, in shanya.
Zogale a inuwa, don rana ɓarauniyar kore ce.
Busasshen kifin Yauri, ƙaya ɗaya ɗaya nake zarewa
saboda maƙogwaron Mudassir ƙarami ne.
Albasar Aliero ta sa ni kukan da ba na kowa ba.
Tumatir da tattasai su tafasa har su tsotse,
in rufe a kwalba da ɗan mai a bisa,
don wutar lantarki ba ta da alkawari.
Ƙuli-ƙulin kwaɗon Talata na daka tun yau.
Laraba dambu ne, Alhamis fate,
Juma'a kuwa sai abin da aljihu ya ce.

Luba ta tura baki: "Kullum ganye, kullum ganye,
a ɗaki ganye, a kwano ganye!"
Ta cinye tas, ta suɗe, ta leƙa tukunya.

Jiya na kama Mudassir da buta
yana ba shukata ruwa, yana mata magana.
Waya ta yi tsatsa, rini ya zuba a yashi.
Na ɗaga hannu, sai na sauke.
Wa ya taɓa yaba ɗinkina kamar haka?

Da la'asar Inna Ige ta lallaɓo da sandarta,
idonta ya yi hazo, yatsunta ne ke gani.
Ta shafa ganye, ta wuce, ta shafa wani,
ta tsaya a na ƙasa, wanda ya fi kowa laushi.
"Wanga na san shi," in ji ta.
"Zanen uwarki ne, na ranar sunanki."
Ban ce komai ba. Miya tana neman ƙonewa.

Na zuba mata rama da wake a ƙaramar akushi,
ta ci, hannu ɗaya a kwano,
ɗayan bai saki ganyen ba.
Wanda ke cikin kwano ya ƙare kafin magariba.
Na tulu yana nan, yana jiran in kaɗe masa ƙura,
in sake masa waya, in hana yaro buta,
ko kuma in bar shi.