Gishiri Bai Ji Ba

Babana Wilfred ya ce yau sai mun nemo ta,
mashayar da ake sunkuyawa kafin a shiga,
inda uwata Enid ta shekara tara tana girki
tun ba a san da ni ba.
Sunan wurin ya ɓace masa. Ƙamshin bai ɓace ba.

Muka bi gindin ganuwar York, yayyafi na dukan ƙeya,
shi da sandarsa, ni da laimar da iska ta karya wa haƙarƙari.
Duwatsun titi santsi kamar bayan tarwaɗa.
Ya ce, "Hagu." Muka yi hagu.
Ya ce, "Ga ta nan." Shagon gyaran waya ne.

Ta biyu, allonta na lilo, an zana baƙin rago,
ciki kuwa kiɗa kamar ana rushe gini.
Wani yaro ya ce an kashe murhu tun ƙarfe uku,
sai gyaɗa a leda, in muna so.
Baba ya dubi gyaɗar kamar ta zage shi.

Ta uku tana bakin kogin Ouse,
an tsaga a bango inda ambaliya ta kai kowace shekara,
layin sama ya wuce kaina.
Akwai abinci, a kan katako ake kawo shi,
loma uku da ganye ɗaya, kuɗin kamar za ka sayi gona.
"Enid a faranti take zubawa," in ji shi,
"har farantin ya yi nishi."

Ƙararrawar babbar majami'a ta buga biyar.
Duhun hunturu ba ya sallama.
Na ce mu koma, akwai miya a firji.
Mutumin da ya shekara arba'in yana juya wa jiragen ƙasa hanya,
ba ni zan juya shi ba.

Sai wani lungu, faɗinsa kafaɗa ɗaya,
na wuce shi sau dubu ban taɓa leƙawa ba.
Albasa ce ta kira mu daga can ƙurya.
Ƙofa gajera. Ni na sunkuya.
Shi shekaru sun riga sun yi masa wannan aikin.

Garwashi na ci, kare na barci ƙarƙashin benci,
rufi ya yi baƙi da hayaƙin waɗanda suka daɗe a kabari.
Mai wurin, Glenys Hebden, hannu duk gari,
ta dire mana naman sa cikin gasasshen ɓawon fulawa,
dakakken dankali, romo na gangarowa gefe,
da kofin baƙar giya a gaban Baba.

Na san ba ita ba ce.
Waccan an rushe ta ina goye, motoci ke kwana a filinta.
Na haɗiye maganar tare da dankali.

Ya fasa ɓawon, tururi ya rufe masa tabarau.
Ya tauna a hankali da haƙoran da suka rage,
ya ɗaga kai ya dubi matar:
"Enid, gishiri bai ji ba."

Glenys ta dube ni. Na dubi wuta.
Ta goge hannu a gaban rigarta,
ta miƙo masa gishirin, ta ce,
"Kai dai kullum haka kake cewa."

Ya cinye tas, har da suɗe cokali.
A waje ruwa ya kece.
Ba wanda ya tayar da zancen tafiya.