Mai Gyaran Famfo a Hannun Masu Gyara

Shekara talatin da ɗaya
ina bin bututun ruwa a ƙarƙashin Jos,
daga Lamingo har Gangare,
kunne a ƙasa kamar mai satar hirar tururuwa.
Na san kukan bututu in tsatsa ta shaƙe shi,
na san inda yake yoyo a ɓoye.
Nawa na cikin ƙirji kuwa
shekara guda yana kira,
na ce ƙwarnafi ne, na kora da kanwa.

Sai ranar da nake hawan Dogon Dutse
aka aza min buhun siminti a ƙirji,
ban ga mai azawar ba.

Na je da shirin wuƙa.
Na yi wa Uwani wasiyya,
na lissafa mata masu bi na da waɗanda nake bi.
Ashe ba tsagawa za a yi ba.
Likita Davou ya kama wuyan hannuna
kamar mai duba agogo,
ya huda ƙofar da ba ta fi ƙwayar dawa ba,
ya zura siririn tiyo, ya ce kar in motsa.

Idona biyu.
A allo na ga zuciyata, baƙi da fari,
rassa kamar saiwar da zaizaya ta tone.
Suka saki rini, ɗumi ya ratsa ni,
ya tafi, ya tafi, sai a wata kwana
ya sirance ya koma zare.
Na ce, Likita, ga toshewar can, a gwiwa.
Ya yi dariya ta bayan takunkumi:
Baba, yau kai ne bututun, yi shiru.

Suka hura 'yar balan-balan a ciki.
Buhun simintin ya dawo,
na kira Allah da muryar da ban san ina da ita ba.
Sannan suka bar 'yar ragar ƙarfe
ta tokare bango.
Jini ya wuce.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ji daɗin ba da shi.

Cikin dare ƙofar nan ta ƙi rufuwa.
Hannu ya kumbura, ya nuna kamar ɗinya,
yatsu suka yi sanyi, suka daina amsa ni.
Nas Kangyang ta danne da babban yatsa
rabin awa, ba ta zauna ba,
tana tambayata kuɗin jan ruwa zuwa Rikkos
don kar in dubi zanen gado.

Kashegari ƙoda ta yi fushi da rinin.
Ni da na shayar da rabin gari,
ga ni ina roƙon cikin cokali.
Uwani ta ɗaga robar awo tana duba layi
kamar mai neman jinjirin wata.
Kwana biyu, babu.
Na uku da asuba ya sauko,
ta yi guɗa a ɗakin da aka hana surutu.

Yanzu ina gida, da ƙwayoyi huɗu a gwangwanin madara.
Jinina ya tsinke:
asuwaki na fitowa da ja,
wanzami na tsoron keyata.
Likita ya ce in na tsallake kwana
ragar na iya kama gudan jini ta rufe.
Na gane maganar.
Haka nake ce wa masu gida da:
an gyara, amma gyara ba sabo ba ne.
Fansho dai ba ya jin wannan karatu,
mai kemis na Taminus ma haka.

Bugun wuyan hannun dama bai dawo ba.
Sun ce jinin ya canza hanya, ya bi ta bayan gida.

Famfon maƙwabcina Sallau na ɗiga tun Laraba.
Ina jin sa in dare ya raba,
ɗis, ɗis, ta katanga,
ina jin nawa ta matashin kai.
Gobe zan ɗauki sifana da hagu,
in je in duba wanda zan iya.