Kwalin Taliya a El Alto

A El Alto rana ba ta da kunya,
tana sauka kan fuska kamar mari.
Fitilar kyamarar Fermin ma haka:
duk wanda ta haska sai ya fito kamar mai laifi.

Akwatin tausasa haske na kanti
kuɗinsa buhun dankali tara.
Sai ya ari kwalin taliya wurin maƙwabciya,
ya manne cikinsa da takardar cakulan
mai ƙyalli, wadda ƙannensa suka lashe,
ya rufe bakin da buhun fulawa
da aka wanke har rubutun ya gudu.
Salatif ya ƙare a kusurwa ta uku.
Ta huɗu, zaren ulu ya riƙe.

Kaka Eusebiya ta zauna, hula a karkace.
"Da kwali za ka ɗauke ni?"
Ya danna.

Hasken ya ratso buhun a hankali
kamar mai sallama a ɗakin mara lafiya,
ya bi tamojin goshinta
bai tona asirin ko ɗaya ba.

Ta daɗe tana duban hoton.
"Uwata ce wannan," ta ce.
"Kada ka mayar da kwalin."