Kwarin Tururuwa

A Tawa, bayan rumfunan albasar Galmi,
'yan dako suka ɗora mini shugabanci
don kawai na iya lissafi.
Kwana uku ban runtsa ba.

Na kai kukana Bilbis, zauren Malam Assumana.
Bai ba ni laya ba. Littafi ya buɗe
daidai inda runduna ta ratsa kwarin tururuwa.
"Karanta," in ji shi, "amma kada ka nemi sarkin a waje."

Na karanta har fitila ta shanye manta.
Ashe kwarin ƙirjina ne:
fushi a gaba riƙe da mashi,
kwaɗayi na kaɗa masa ganga,
tsoro can baya yana ɗingishi.
A ƙasa kuwa wata 'yar murya
da nake takewa kullum
tana cewa: a koma gida, a koma gida.

Wanda ya tsayar da runduna don ya saurare ta
ya daɗe zaune a cikina,
shiruna kaɗai yake jira.

Da asuba na isa tasha.
Buhun farko ni na sa wa kafaɗa.
Tsoho Arzika ya dube ni,
ya miƙo mini gammonsa.