Shafi Tara

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina fiɗa
a asibitin da ke kan tudun Valparaíso,
inda hazon teku ke hawowa da asuba
ya haɗiye jiragen ruwa har hantsi.
Eleuterio Quilodrán, in ka tambaya a ɗakin tiyata,
za a rage murya kafin a nuna maka ni.

Ran Litinin aka ajiye mini takarda,
shafi tara, a sa hannu a ƙasa.
Wai kada malami ya muzanta ɗalibi a gaban majinyaci,
kada ya aike shi sayen gahawa,
kada maki ya zama bulala,
wanda ya kai ƙara kuwa, ba a farautarsa.
Na yi tsaki. Mu da aka gasa a kan garwashi,
yau za a koya mana riƙon ƙwai?

Malamina Urrejola, wanda ƙasa ta daɗe da rufe wa ido,
ya taɓa jifana da almakashi don zare ya kwance.
Tabon na nan a bayan hannuna kamar jinjirin wata.
A wurin liyafa nakan nuna shi, a yi dariya.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba
cewa a daren na zauna a matakalar tudu har gari ya waye,
ina ƙirga kuɗin motar komawa gidanmu.

Akwai wata ɗaliba, 'yar aji biyar,
daga kudu, ƙasar ruwan sama da tumaki.
Wata shida ban kira sunanta ba.
Ke mai dogon suna, haka nake cewa.
Awa huɗu ta riƙe mini ƙarfe a cikin ciki buɗaɗɗe,
hannunta na rawa, ba ta saki ba.
Na tambaye ta sunan wata jijiya, harshenta ya ɗaure.
Na ce ta koma kiwon tumakin uwarta,
ta kuma rufe baki sai an tambaye ta.
Ɗakin ya yi dariya, don ni na fara.

Ran Laraba na rubuta wa Don Aurelio magani,
tsohon masunci mai ƙoda ɗaya.
Alƙalamina ya zarce da sifili guda.
Filomena, ma'aikaciyar jinya, ta kama shi da tsakar dare,
allura na hannunta, ba ta kai ga fata ba.
Da safe na ga ɗalibar ta zagaye lambar da fensir
a ɗan littafinta, tun ƙarfe goma na jiya.
Na ce, kin gani? Me ya hana ki magana?
Ta dubi takalmanta.
Ta ce, Dakta, ba ka tambaye ni ba.

Na koma ofis, ƙofa a rufe.
Gahawa ta huce, ban san wanda ya sayo ta ba,
kuma wannan ma abin kunya ne.
Na karanta shafi taran, kalma kalma.
An ce akwai ƙara a kaina a wurin kwamiti.
Ko ita ce, ko Filomena, ko wani da na manta fuskarsa,
takardar ta hana ni tambaya.
Na sa hannu, tabon na kallona.

A keken hawan tudu, da yamma,
ina ta juya sunan a baki kamar tsakuwa.
Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta matsa gefe.

Washegari, a gaban gadon Don Aurelio,
ɗalibai takwas, kowa ya sunkuyar da kai.
Na ce, Rayén Huenchu...
harshena ya ɗaure.
Huenchullán, ta ce, a hankali.
Na maimaita. Ta gyara mini. Na sake maimaitawa.
Tsohon ya ɗaga kai daga matashi
ya tambaya ko yau za a bar shi ya ci kifi.